Kuɗin Title I a makarantun Amurka da haƙƙin iyaye: tambayoyi da amsoshi

Duk farkon shekarar karatu yara kan dawo gida da tarin takardu a jaka. A cikinsu akwai wadda ke cewa makarantarsu tana cikin shirin Title I, tare da gayyatar taro. Da yawanmu mukan sa hannu mu mayar, ba mu san me muka sa wa hannu ba. Ga tambayoyin da iyaye masu jin Hausa mazauna Amurka suka fi maimaitawa a kan lamarin.

Mene ne Title I ɗin nan?

Sunan kashi na farko ne na dokar tarayya kan ilimin firamare da sakandare, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 11 ga Afrilu, 1965. A jihar Texas ya sa hannun, a gaban 'yar makaranta mai ɗaki ɗaya inda ya fara karatu, malamarsa ta farko tana zaune kusa da shi. Shi kansa ya taɓa koyarwa a 1928 a garin Cotulla, inda ɗalibansa 'ya'yan talakawa ne 'yan asalin Meziko, kuma ya sha ambaton yaran nan bayan ya hau mulki. Dokar tana cikin abin da gwamnatinsa ta kira yaƙi da talauci.

Manufarta ita ce gwamnatin tarayya ta ƙara wa makarantun da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi suka yi yawa a cikinsu kuɗi, domin a tallafa wa yaran da karatu ke ba wuya. An sabunta ta sau da dama. Ta zamanin George W. Bush, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2002, ita ce No Child Left Behind. Wadda ake aiki da ita yanzu ana kiranta ESSA, Barack Obama ya sa mata hannu a Disambar 2015. A 2023 da 2024 Majalisar Dokoki ta ware wa babban ɓangaren shirin sama da dala biliyan 18 kowace shekara, kuma fiye da rabin makarantun gwamnati na ƙasar suna samun wani abu daga ciki.

Ƙasa mai arziki irin wannan, me ya sa wasu makarantunta ke buƙatar tallafi?

Saboda ba gwamnatin tarayya ce ke riƙe da makarantu ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na kuɗinsu daga jihohi da ƙananan hukumomi yake fitowa, kuma kason ƙananan hukumomi galibinsa harajin gidaje da filaye ne. Unguwar da gidajenta ke da tsada tana tara kuɗi mai yawa da haraji kaɗan. Unguwar talakawa kuwa ko ta matse kanta ba za ta kamo ba. An kai wannan ƙara har Kotun Ƙoli daga San Antonio, amma a 1973 alƙalai biyar cikin tara suka ce tsarin bai saɓa wa kundin tsarin mulkin tarayya ba. Title I yana rage giɓin ne, bai rufe shi ba. Akwai ƙarin bayani a amsar tambayar ko shirin yana aiki.

Za a ba ni kuɗin a hannu ne, ko a sa wa ɗana a asusu?

A'a. Kuɗin yana tafiya daga gwamnatin tarayya zuwa jiha, daga jiha zuwa hukumar makarantun gunduma, daga nan zuwa makaranta. Ba a nemansa da sunan iyali, kuma idan yaro ya canza makaranta kuɗin ba ya binsa. Duk wanda ya buga muku waya ya ce ku ba shi lambar asusu don a turo muku kason ɗanku, ɗan damfara ne.

Ta yaya ake zaɓar makarantun da za su samu?

Mataki biyu ne. Na farko, tarayya tana duba ƙiyasin Hukumar Ƙidaya kan yawan yara 'yan shekara 5 zuwa 17 da ke cikin talauci a kowace gunduma, ta raba kuɗin ta hanyoyin lissafi guda huɗu. Mafi sauƙin shiga yana buƙatar gunduma ta sami irin waɗannan yara aƙalla 10, kuma su zarce kashi 2 cikin 100 na yaranta. Wani kuma sai sun haura 6,500 ko kashi 15 cikin 100. Sauran biyun suna farawa daga kashi 5, kuma suna ƙara nauyi gwargwadon yadda talaucin ya taru.

Na biyu, gunduma tana jera makarantunta daga wadda talauci ya fi yawa zuwa ƙasa. Dole ta fara da duk wadda ta haura kashi 75 cikin 100. Bayan su, makarantar da ta kai matsakaicin gundumar ko kashi 35 tana iya shiga, idan kuɗi ya rage. Shi ya sa za ku ga makarantu biyu masu hali kusan iri ɗaya, ɗaya tana samu ɗaya ba ta samu, don gundumarsu daban. Haka kuma kaso mafi tsoka a firamare yake ƙarewa.

Nan ne hannun iyaye ke fara shiga. Gundumomi da yawa suna auna talaucin makaranta da yawan yaran da suka cancanci abinci kyauta ko da rangwame. Kyauta na iyalin da abin da suke samu bai wuce kashi 130 cikin 100 na ma'aunin talauci na tarayya ba ne, rangwame kuma har zuwa kashi 185. Na san akwai magidancin da ke jin nauyin cike fom ɗin nan, yana ganin kamar roƙo ne, akwai kuma wanda ke cewa ai ɗansa da abincin gida yake tafiya. Ku cike dai. Kowane fom da ba a mayar ba yana iya rage lissafin makarantar, kuma ɗan maƙwabci ne zai ji a jikinsa. Ko a makarantun da kowa ke ci kyauta, wasu suna raba wani fom na kuɗin shigar iyali, shi ma amfaninsa ke nan.

Makarantarmu tana cikin shirin. Ke nan ɗana yana amfana?

Ya danganta da irin tsarin da take bi, domin iri biyu ne. Idan talauci ya kai kashi 40 cikin 100, makaranta tana iya bin tsarin makaranta gaba ɗaya, wato a kashe kuɗin wajen gyara koyarwa ga kowa, ba a ware wasu yara. Jiha tana da ikon barin wadda ba ta kai kashi 40 ba ita ma ta bi wannan hanya. Ɗaya tsarin kuwa na zaɓaɓɓun yara ne, waɗanda suka gaza kai mizanin jiha ko suke dab da gazawa.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, a tsari na biyu ba a duba aljihun uba. Talaucin unguwa ne ke kawo kuɗin makaranta, amma halin karatun yaro ne ke shigar da shi. Ɗan likita da lissafi ya gagara zai samu, 'yar mai wankin mota da ke kan gaba a aji ba za a saka ta ba. Ku tambayi shugaban makaranta wane tsari suke bi, sannan idan na zaɓe ne, da wane ma'auni suke zaɓa.

An ce an saka 'yata a ajin taimako. Wannan na nufin ba ta da ƙwaƙwalwa, ko makarantar ce ta lalace?

Ko ɗaya. Yarinyar da ke jin harshe biyu ko uku a gida, ko ta zo ƙasar a tsakiyar shekara, ko ta yi jinya, tana iya yin baya a karatun Turanci ba tare da komai ya sami basirarta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Taimakon da aka yi a aji ɗaya ko biyu ya fi wanda za a yi a aji bakwai sauƙi nesa ba kusa ba, domin daga aji huɗu zuwa sama kusan kowane darasi ya dogara ne kan yaro ya iya karanta littafinsa da kansa. Don Allah kada a yi mata gori a gida, kada kuma a bar yayyenta su yi.

Sunan Title I ma'aunin talaucin unguwa ne, ba na ingancin malamai ba. Ma'aunin inganci daban yake. Doka ta wajabta wa jihohi jarrabawar karatu da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa 8, da sau ɗaya a babbar sakandare. Aƙalla duk shekara uku jiha tana fitar da kashi 5 cikin 100 mafi rauni na makarantun shirin, da manyan sakandaren da kashi ɗaya cikin uku ko fiye na ɗalibansu ba sa kammalawa, don a yi musu gyara na musamman. Sakamakon kowace makaranta yana cikin rahoton shekara da jiha ke wallafawa, kuma kuna da damar ganinsa.

A me ake kashe kuɗin?

Mafi yawa a albashin ma'aikata: malamin karatu na musamman, mataimakan malamai, masu horar da malamai. Sai darasin bayan tashi, karatun hutun bazara, ajin share fage kafin firamare, littattafai da kwamfutoci, wani wuri har da mai ba yara shawara.

Akwai ƙa'ida guda da ya kamata kowane uba da uwa su haddace: kuɗin ƙari ne, ba madadi ba. Gunduma ba ta da ikon janye nata kuɗin daga makarantar talakawa don ta ga na tarayya ya shigo. Ba haka kawai aka rubuta wannan ba. A 1969 wasu ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a sun fitar da rahoto da ya nuna an karkatar da kuɗin a wurare da dama, har da sayen kayan 'yan badujala da wuraren ninƙaya, ga yaran da aka ware kuɗin dominsu ba su iya karatu ba. A 1970 Majalisa ta tsaurara dokar. Tarihin nan ne ya sa aka riƙa ƙarfafa sa idon iyaye, domin an ga abin da ke faruwa idan babu mai tambaya.

Da gaske akwai kason da aka ware don iyaye?

Akwai, yana cikin sashe na 1116 na dokar. Duk gundumar da ta karɓi sama da dala 500,000 dole ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 don shigar da iyaye da iyalai, kuma aƙalla kashi 90 cikin 100 na abin da ta ware sai ya sauka makarantu. A ɗauka gunduma ta karɓi dala miliyan 10. Za ta ware 100,000, ta tura 90,000 ga makarantu. Idan makarantu 30 ne, kowace za ta tashi da abin da bai wuce 3,000 ba a matsakaici.

Kuɗin ba shi da yawa, amma shi ne wurin da doka ta faɗa ƙarara cewa sai an sa iyaye cikin shawarar yadda za a kashe. Inda iyaye ba su zo ba, yakan ƙare a 'yan takardun talla da abin taɓawa na taro guda. Inda suka zo, ana iya mayar da shi kuɗin tafinta, ko ajin nuna wa iyaye yadda ake koyar da lissafi yanzu, ko littattafan da yaro zai tafi da su gida, ko kuɗin mota da mai kula da ƙananan yara a lokacin taro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shugaban makaranta ba zai san cewa taron ƙarfe uku na rana ba ya yiwuwa ga direban tasi ba sai an gaya masa.

Mene ne taron shekara, kuma wace yarjejeniya ce ake cewa mu sa wa hannu?

Kowace makarantar shirin wajibi ne ta kira taro sau ɗaya a shekara, ta bayyana wa iyaye cewa tana ciki, me doka ta ɗora mata, da haƙƙinsu na shiga. Wajibi ne kuma ta kasance da rubutacciyar manufa kan hulɗa da iyaye, wadda aka tsara tare da su, ba wadda aka rubuta a ofis aka miƙo ba. Yarjejeniyar, wadda za ku ga an rubuta compact a samanta, tana zayyana abin da makaranta ta ɗauka da abin da gida ya ɗauka. Ta ƙunshi ganawar malami da iyaye aƙalla sau ɗaya a shekara a firamare, rahoton ci gaban yaro a kai a kai, damar ganin malamai, da damar shiga aji a ga yadda ake koyarwa. Ba takardar kotu ba ce, ba a hukunta kowa da ita.

Ga inda tarbiyyarmu ke ɗan ja mana baya. An raine mu kan cewa idan ka kai yaro wurin malami ka ba da amana ke nan, sai addu'a, kuma tambayar malami rashin kunya ce. Girmama malami abu ne mai kyau, kada mu yar da shi. Sai dai a makarantun nan shirun uba ba a fassara shi da ladabi. Ana ɗauka ko dai ya gamsu, ko bai damu ba. Malamar da ke da yara ashirin da biyar a gabanta, wanda uwarsa ta turo saƙo ta ce "na ga karatunsa ya tsaya, me za mu yi?" shi za ta fara tunawa.

Idan kun je taron, tambayoyi uku sun wadatar: nawa makarantar ta samu bana, a me za a kashe, kuma ta yaya za a gane ya yi amfani a ƙarshen shekara.

Ba na jin Turanci sosai, kuma aikin dare nake yi. Ta ina zan shiga?

Dokar ta ambace ku. Ta ce a ba iyaye masu ƙarancin Turanci damar shiga, a isar musu da bayani cikin harshen da suke fahimta gwargwadon iko. Bayan ita akwai dokar haƙƙin jama'a ta 1964, wadda a ƙarƙashinta ake buƙatar makarantu su yi wa irin waɗannan iyaye bayani ta hanyar da za su gane, ba tare da sun biya ba. Gundumomi da yawa suna da tafinta ta waya. Ku nemi na Hausa tun kafin ranar ganawa. Idan bai samu ba kuma kuna jin Faransanci ko Larabci, ku faɗa. Kada ku yarda a mai da yaron tafinta a zancen da ya shafe shi. Nauyi ne da bai kamata a ɗora masa ba, kuma ɗan shekara tara ba zai fassara muku laifinsa daidai ba.

Batun lokaci kuwa, an umarci makarantu su riƙa sa taro a lokuta daban-daban, safe ko yamma, kuma kuɗin da aka ambata a amsar kason iyaye yana iya ɗaukar nauyin ziyarar malami gida.

Ni ban yi boko mai zurfi ba. Me zan iya yi masa a gida?

Abu na farko, ya je makaranta kullum a kan lokaci. Yaron da ke rasa kwana biyu a wata ya rasa kusan kashi 10 cikin 100 na shekarar ke nan, kuma babu malamin taimakon da zai koyar da kujerar da babu kowa a kanta. Masu tafiya gida ganin dangi su yi ƙoƙari tafiyar ta faɗa cikin hutu. Sai barci da wuri, da ajiye waya a lokacin aikin gida. Ku sa shi ya karanta muku da ƙarfi, sannan ya ba ku labarin abin da ya karanta da Hausa. Wanda ya iya juya labari zuwa wani harshe ya fahimce shi. Kada ku daina yi masa Hausa don tsoron za ta hana shi Turanci, ba ta hanawa.

Ina da ikon sanin ko malamin ɗana ƙwararre ne?

Kuna da shi. A farkon shekara gunduma za ta sanar da ku cewa kuna iya neman bayani kan ko malamin yana da lasisin jiha na ajin da darasin da yake koyarwa, ko da izinin wucin gadi yake aiki, da kuma takardun mataimakin malami idan shi ke zama da yaron. Idan malamin da bai cika sharuɗɗan jiha ba ya koyar da ɗanku mako huɗu a jere ko fiye, dole a sanar da ku ko ba ku tambaya ba.

Takardunmu na zama ba su kammala ba. Shiga wannan harka zai ja mana matsala?

A 1982 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar Plyler da Doe, cewa jiha ba ta da ikon hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin takardunsa. Taimakon Title I kuwa ba a nemansa da sunan iyali, kamar yadda aka faɗa a sama, kuma halin karatu ake dubawa. Abin da ya shafi shari'ar zamanku ita kanta, lauyan shige da fice za ku tuntuɓa, ba ofishin makaranta ba.

'Ya'yana suna makarantar Islamiyya mai zaman kanta. Suna da rabo?

Suna iya samu. Sharaɗin shi ne gidanku ya kasance a yankin wata makarantar gwamnati da ke cikin shirin, kuma yaron yana fama da karatu. Ba a miƙa wa makarantar kuɗi. Gunduma ce ke riƙe da shi, ta turo malami ko ta ɗauki mai koyarwa, bayan ta zauna da shugabannin makarantar. Darasin dole ya zama na boko zalla, ba na addini ba. A 1985 Kotun Ƙoli ta hana malaman gwamnati shiga harabar makarantun addini don wannan aiki, har aka riƙa koyar da yara a motocin da aka ajiye a bakin titi. A 1997 ta janye wannan hukunci. Idan makarantarku ba ta shiga ba, ku tambayi shugabanninta dalili, domin sai sun amsa gayyatar gunduma abin ke tafiya.

Shi ne taimakon da ake ba yara masu buƙata ta musamman?

A'a, wancan dokarsa daban, ana kiranta IDEA, kuma tana ba yaro mai naƙasa ko lalurar koyo rubutaccen shiri nasa na kansa wanda makaranta ba ta da ikon ƙin aiwatarwa. Koyon Turanci ma yana da nasa kuɗin a Title III, wato kashi na uku na dokar da Title I yake ciki. Yaro ɗaya yana iya samun duka ukun. Idan an yi wata da watanni ana taimakon karatu babu motsi, ku nemi a auna shi, kuma ku nema a rubuce. Yaran da iyalinsu suka rasa matsuguni, har da masu raɓe a gidan wasu don rashin hali, suna da haƙƙin taimakon Title I ko makarantarsu ba ta cikin shirin.

To, shirin yana aiki kuwa?

Ra'ayina shi ne yana taimakawa, amma an ɗora masa buri fiye da ƙarfinsa. A raba dala biliyan 18 ga yara sama da miliyan 20 da ke makarantun shirin, kowanne bai kai dala 1,000 ba, a ƙasar da matsakaicin abin da ake kashe wa ɗalibi ya haura 15,000 a shekara. Lissafin rabon ma yana da karkata, domin yana la'akari da abin da jiha ke kashewa da kanta, sai jihar da ta fi hali ta karɓi fiye da matalauciya a kan kowane yaro talaka. Bayan shekara sittin, giɓin da ke tsakanin 'ya'yan masu hali da marasa hali yana nan.

Sai dai yadda aka kashe shi yana sauya sakamako ƙwarai. Koyar da yara uku ko huɗu sau da yawa a mako, a hannun mutum guda da aka horar, yana cikin abubuwan da aka fi ganin amfaninsu. Sayen na'urorin da za su kwanta a kabad ba ya cikinsu. Wannan zaɓi a makaranta da gunduma ake yinsa, a tarukan da aka gayyace mu.

Idan na ga ba a bin dokar, wa zan kai wa kuka?

Ku fara da malamin aji, sai shugaban makaranta, sai jami'in Title I na gunduma, wanda sunansa kan kasance a shafin gundumar na intanet. Ku riƙa yin komai a rubuce, ko da gajeren imel ne, ku ajiye kwafi da kwanan wata. Idan shirin makarantar gaba ɗaya bai gamsar da iyaye ba, dole a haɗa ƙorafinsu a tura wa gunduma tare da shirin. Idan na gundumar ne, a tura wa jiha. Kowace ma'aikatar ilimi ta jiha tana da rubutacciyar hanyar karɓar ƙara kan saɓa wa wannan doka, kuma ba a biyan ko sisi. Idan matsalar hana tafinta ce ko nuna bambanci saboda asali, wannan ya faɗa ƙarƙashin dokar 1964 da aka ambata a amsar masu ƙarancin Turanci, kuma ana kai shi ofishin kare haƙƙin jama'a na tarayya da ke kula da makarantu, galibi cikin kwana 180 daga ranar da abin ya faru. Idan akwai wasu iyayen da abin ya shafa, ku sa hannu a takarda ɗaya ku tafi tare.